Yadda ake tafiyar da yini a gidan gona na kan tsauni a ƙarshen hunturu

Wanda bai saba ba yakan ɗauka tsakiyar hunturu ne lokaci mafi wuya a kan tsauni. Ni a wurina ƙarshensa ya fi cin mutum. A tsakiya sanyin iri ɗaya ne, dare da rana komai a daskare, rumbu cike, itace jibge. Amma daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ko Agusta zuwa Satumba ga mazauna kudancin duniya, rana ta fara ƙarfi. Ta narkar da dusar ƙanƙara da hantsi, dare ya zo ya mayar da ita ƙanƙara. Ga itace ya ja baya, ga ciyawa ta kusa ƙarewa, ga dabbobi da tsohon ciki, hanya kuma yau ta biyu gobe ta ƙi. Kada labarin mutanen kwari ya ruɗe ka. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi, don haka su suna iya fara huɗa kai kuwa kana da sauran makonni a cikin ƙanƙara.

Dabarar ita ce ka jera ayyukanka bisa narkewa da daskarewar nan. Duk aikin da ke son ƙasa mai tauri, da safe ake yinsa. Wanda ke son ɗumi ya jira rana ta take.

Kayan aiki

Gatari biyu, babba na faskare da ƙarami na tsaga ƙirare, da zarto. Shebur biyu: mai faɗi marar nauyi na kwasar dusar ƙanƙara, da na ƙarfe na sarar ƙanƙara. Bokitin ƙarfe mai murfi na toka, wanda ba a zuba komai a ciki sai tokar. Bokitan roba masu kauri na ruwan dabbobi, domin na ƙarfe kan yage a gindi idan ruwa ya daskare a ciki. Babbar tukunya mai murfi. Tocilar goshi, saboda rabin aikin a duhu ake yi kuma hannu biyu kake buƙata. Ma'aunin zafi uku, ɗaya a waje cikin inuwa, ɗaya a ɗakin ajiya na ƙasa, ɗaya na jiki don dabbobi. Na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba da wuta ko inji ke fitarwa, ta taru a ɗaki. Burushin goge bututun hayaƙi. Manjagara mai doguwar ƙota ta janyo dusar ƙanƙara daga rufi. Akwatin ja mai santsin gindi, da igiya. Faffaɗan takalmin tafiya a kan dusar ƙanƙara, wanda yake kamar faifai a ɗaure a ƙafa, da ƙusoshin da ake ɗaura wa tafin takalmi saboda santsi. Baƙin tabarau. Tsofaffin tawul, aidin, da bulumboti na 'yan dabbobi. Littafi da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a sanyi.

In babu akwatin ja, ganga ta roba da aka tsaga gida biyu a tsaye tana yin aikin, ko tamfol mai kauri. In babu manjagarar rufi, ka kafa guntun katako a gicciye a kan doguwar sanda. Na'urar iskar nan ce kawai ba ta da madadi, hanci ba ya jin wannan iska.

1. Fara da ƙidaya

Kafin ka tsara yini, san abin da ya rage maka. Tsofaffin manoman ƙasashen sanyi suna da ƙa'ida cewa farkon Fabrairu ya same ka da rabin itacenka da rabin ciyawarka. A kan tsauni ƙa'idar nan ba wuce gona da iri ba ce ko kaɗan.

Ka auna itacen da kake ƙonawa a mako ɗaya, ka ja layi da alli a jikin jibgin, ka ga layi nawa suka rage. Ciyawa kuwa lissafinta na awo ne: akuya ko tunkiya kan ci busasshiyar ciyawa kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana, wato mai kilo 50 za ta ci kilo 1 da rabi zuwa 2. Ka ninka da yawan dabbobin, ka ninka da kwanakin da suka rage, ka ƙara abin da suke zubarwa su tattake. Kuskuren da ake yawan yi shi ne lissafawa zuwa ranar da ƙanƙara za ta narke. Narkewa daban, fitowar ciyawar da dabba za ta ƙoshi da ita daban, tsakaninsu akwai makonni. Idan lissafin bai kai ba, yanzu ne za ka hauro da ciyawa ko ka rage garke, tun hanya tana da tauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka maimaita ƙidayar kowane mako, har da kananzir, man janareta, gishiri, ashana da magunguna.

2. Wuta, tun da asuba

Kana tashi ka leƙa ma'aunin waje ka rubuta. Wannan lambar ita za ta faɗa maka tsawon lokacin da ƙasa za ta riƙe taurinta yau.

Sai murhu, wato rufaffen murhun ɗumama ɗaki mai ƙofa da bututun hayaƙi. Ka buɗe ƙofar iska gaba ɗaya kafin ka buɗe ta wuta, in ba haka ba hayaƙi ya cika ɗaki. Ka tona toka, ka janyo garwashin da ya kwana zuwa gaba, ka ɗora ƙirare, sannan ƙananan faskare. Idan wutar ta mutu murus kuma bututu ya yi sanyi, hayaƙi ba zai hau ba, domin iska mai sanyi ta toshe masa hanya. Ka murɗa takarda ka kunna, ka riƙe ta kusa da bakin bututun daga ciki har ka ga harshen wutar yana karkata sama, sannan ka kunna itacen. Kada ka kuskura ka zuba fetur ko kananzir a murhun da ke da garwashi.

Ka bar wutar safe ta ci da ƙarfi na minti 20 zuwa 30 kafin ka rage iska. Ga dalili. A ƙarshen hunturu rana takan ɗumama gida, sai mutum ya riƙa shaƙe murhu don ya tsimi itace. Wutar da aka shaƙe hayaƙi take yi, hayaƙin ya huce a bututu, ya bar baƙin danƙo a jikinsa. Danƙon nan shi ke kamawa da wuta wata rana, ya ƙone gida daga sama. Gara ƙaramar wuta mai ci sosai da babbar wuta mai turnuƙewa. Ka duba bututun duk bayan mako biyu a wannan lokaci, idan kaurin danƙon ya kai milimita 3 ka goge shi, murhu a kashe. Ranar da ka ji bututu yana ruri, ka rufe duk ƙofofin iskar murhun, ka fitar da kowa waje.

Matsala ta biyu ita ce busasshen itace ya ƙare, saura ɗanye. Itacen da ya bushe, danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ana gane shi da tsagewa a baki, da rashin nauyi, kuma in ka gwara biyu za ka ji ƙara ƙal. Ɗanye kuwa ɗif yake yi, a wuta ya riƙa kumfa a baki. In dole ta sa, ka nemi matattun itatuwan da ke tsaye waɗanda ɓawonsu ya zube, sun fi na kwance bushewa nesa ba kusa ba. Ka faskara su ƙanana, ka jera a cikin ɗaki kwana biyu ko uku, nesa da murhu da aƙalla mita 1, ka riƙa haɗa su da ragowar busasshe.

Toka ta shiga bokitin ƙarfe, a rufe, a ajiye waje a kan dutse ko ƙasa, nesa da bango da ciyawa. Garwashi yakan yi kwanaki a raye a cikin toka. Wadda ta huce sarai ka adana ta, tana da amfani nan gaba.

3. Ruwa

Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa yake fasa bututu. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne bututun da ke binne kan daskare a ƙarshen hunturu, bayan an fara jin ɗumi a sama. Sanyi a hankali yake nutsawa cikin ƙasa, kuma yanzu ne ya kai iyakar zurfinsa. Saboda haka kada ka share dusar ƙanƙarar da ke kan layin bututu, kada kuma ka mai da wurin hanyar tafiya. Wadda ba a tattake ba bargo ce ga ƙasa.

Idan ka buɗe famfo bai kawo ba, ka bar shi a buɗe. Ka fara ɗumama bututun daga bakin famfon kana komawa baya, da tawul da aka tsoma a ruwan zafi, domin ruwan da ya narke ya sami mafita. Ban da harshen wuta. Ka tabbata kowa a gidan ya san inda makunnin rufe ruwa yake, domin tsagar bututu ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke.

In ruwan bai dawo ba, sai narkar da dusar ƙanƙara, kuma aikin ya fi yadda ake zato cin rai. Sabuwar zuba, bokiti 10 ne ke ba da kusan bokiti 1. Ka ɗebi tsohuwa mai nauyi daga ƙasa-ƙasa, ko ƙanƙara, daga wurin da dabba ba ta bi ba. Ka fara zuba ɗan ruwa a gindin tukunya kafin ka ɗora ta, in ba haka ba gindin ya ƙone, ruwan ya yi ƙauri. Ruwan sha a tafasa shi. A tsayin mita 2,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, ba 100 ba, don haka daga wannan tsayin zuwa sama ka bar shi yana tafasa minti 3. Wannan ne kuma ya sa girki ke daɗewa a kan tsauni, tukunyar tururi mai kulle tana rage cin itace sosai.

Idan daga maɓuɓɓuga ko rafi kake ɗiba, ka lura da launinsa. Da narkewa ta kankama, ruwan sama-sama yakan kwaso ƙazantar garke ya shiga da ita. Ruwan da ya gurɓace ka tace, ka tafasa. Kuma kada ka taka dusar ƙanƙarar da ta rufe rafi, ruwa yana cin ta daga ƙasa. Ka soka sanda tukuna.

4. Dabbobi

Ruwa kafin ciyawa. Ka juye bokitin, ka taka gindinsa ƙanƙarar ta faɗo, ka zuba mai ɗumi-ɗumi. Akuya da tunkiya kan sha lita 4 zuwa 8 a rana, saniya 30 zuwa 50, mai shayarwa ta fi haka. Dabbar da ba ta sha ba ba ta cin busasshiyar ciyawa yadda ya kamata, wadda ba ta ci ba kuwa sanyi zai kama ta, domin narkar da ciyawa a tumbi shi ne murhun jikinta. Saboda haka daren da ka ga sanyi zai tsananta, ciyawa za ka ƙara, ba hatsi ba. Ka sansana kowane dami, mai fumfuna a zubar.

Suna ci kana kallo. Wadda ta koma gefe, ta sunkuyar da kai, ta ƙi zuwa, ita ce aikinka na yau. Kuma ka sa hannu, kada ka yarda da ido: gashin hunturu yana ɓoye rama. Ka shafa ƙashin baya da haƙarƙari, in suna sukar tafin hannu to dabbar ta zube.

Cikin akuya da tunkiya wata 5 ne, kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan, don haka waɗanda aka yi wa barbara da kaka yanzu suke kan gwiwa. Mafi yawan girman ɗan da ke ciki a makonni 6 na ƙarshe yake faruwa, daidai lokacin da ya danne tumbin uwar ba ta iya cin da yawa. Mai tagwaye in ba ta sami abinci mai ƙarfi ba sai ta daina ci, ta kwanta, wani lokaci ba ta tashi. Ka ware wa masu tsohon ciki ciyawa mafi kyau, ka fara ba su hatsi kaɗan-kaɗan kana ƙarawa a hankali. Zuba musu da yawa rana ɗaya kashe su yake yi.

Alamun haihuwa: hantsa ta cika ta yi ƙyalli, gindin wutsiya ya saki, uwar ta ware kanta tana tonon shimfiɗa. Ka kai ta ɗan keɓaɓɓen wuri mai busasshiyar shimfiɗa inda iska ba ta hurawa. Da ɗan ya faɗo ka share masa hanci da baki, ka bar uwar ta lashe shi, in sanyi ya yi yawa ka taya ta da tawul. Ka tsoma cibiya a aidin. Sannan abin da ya fi komai: dakashi. Ya sha a cikin awa 2 na farko, kimanin mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa. Ka matsa nonon da kanka ka ga ya fito, domin bakinsa kan toshe.

Jiƙaƙƙen ɗan tunkiya a daren ƙanƙara ba ya daɗewa. Ka sa yatsa a bakinsa, in da ɗumi lafiya, in da sanyi ka auna shi. Daidai shi ne digiri 39 zuwa 40, ƙasa da 37 kuwa rai na hannun Allah. Ka busar da shi, ka ɗumama shi a hankali kusa da murhu ko a cikin rigarka. Kada ka ɗura wa wanda ba ya iya ɗaga kai nono, nonon huhunsa zai shiga. Ni ba na son fitilar ɗumama garke, ta ƙone garake da yawa. Kwalbar ruwan zafi da aka naɗe a tsumma ta wadatar.

Kada ka toshe garke ruf don tausayi. Danshi da zaurin fitsari sun fi sanyi kawo ciwon huhu. A bar kafar iska a sama, a toshe ta ƙasa. Shimfiɗa kuma kada a kwashe ta yanzu, a riƙa zuba busasshiya a kai, ta ƙasan tana ruɓewa tana ba da ɗumi. Haka akurki: danshi ne ke sa sanyi ya ci zankon kaji. Za ka ga sun dawo da ƙwai da yini ya fara tsawo, ka riƙa kwashewa sau biyu a rana kafin ya daskare ya tsage.

5. Ja da ɗauka, kafin hantsi ya ɗaga

Daren da ya yi sanyi sosai yakan bar ɓawo mai tauri a saman dusar ƙanƙara, wanda zai ɗauki mutum da akwatin ja. Wannan ɓawon kyauta ce ta 'yan awanni. A cikinsu za ka jawo itace, ka kai ciyawa, ka fitar da taki zuwa gona, ka zaga shinge. Itacen da ka sare yanzu na baɗi ne, kuma ɗanyen gungume da ya daskare ya fi daɗin faskare. Da ka ji ƙafa ta fara burmawa, ka juyo gida.

A nan ne maganar zaftarewar dusar ƙanƙara take. Gangaren da ya fi zaftarewa shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma kana iya kasancewa a kan shimfiɗaɗɗen wuri ya sauko maka daga sama. Lokaci biyu ne mafi haɗari: ana cikin zuba da kwana ɗaya ko biyu bayanta, musamman in iska ta tara ta a gefe ɗaya, da kuma bayan azahar a gangaren da ke fuskantar rana, wato mai kallon kudu a arewacin duniya, mai kallon arewa a kudanci. Idan ka ga dunƙule-dunƙule suna gangarowa da kansu, ko tsaga ta ruga daga ƙafarka, ko ka ji ƙasa ta yi dum ta zauna, ko kana nutsewa har ƙauri a jiƙaƙƙiya, ka bar wurin. Wanda ta binne, in ba a tono shi a cikin minti 15 ba damarsa takan faɗi ƙasa warwas, kuma a inda kake babu mai zuwa a cikin minti 15. Ka bi ta kan tudu ko cikin itatuwa masu kauri ko da ya fi nisa. Kullum ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowa, in kai kaɗai ne ka sanar da maƙwabci ta waya ko rediyo.

6. Rufi da magudana, da rana tsaka

Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta da nauyi, kilo 50 zuwa 100 ne a mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Wadda ta jiƙe kuwa takan kai 300 zuwa 500. Ruwan sama a kan tsohuwar dusar ƙanƙara shi ke rusa rumfa. Idan ƙofar ciki ta fara cijewa ko azara tana ƙara, nauyi ya yi yawa. Ka janyo ta daga ƙasa da manjagara, kaɗan daga wannan gefe kaɗan daga wancan, kada ka sauke gefe ɗaya gaba ɗaya. Ka tsaya nesa da inda za ta faɗo. Hawa rufi ba naka ba ne kai kaɗai. Rufin kwano kuma yakan sako kayansa a lokaci ɗaya da rana, don haka yara da dabbobi kada su zauna a gindin bango.

Sai ka bi ruwan da ya narke ka ga inda ya nufa. Ƙasa tana daskare ba ta shansa, zai nemi garke ko ɗakin ajiya. Ka sara masa 'yar hanya da shebur, ka janye tulin da ke jingine da bango, ka buɗe bakin kwalbati. Aikin minti 10 ne yau, in ka bari ya kwana ya zama dutse. Tokar da ka adana ka barbaɗa a hanyar ƙofa da ta garke: tana hana santsi, duhunta kuma yana jan zafin rana. Sai dai tana bin takalmi zuwa ɗaki, ka ajiye tsintsiya a bakin ƙofa.

7. Lantarki

Ka share fuskar sola da tsintsiya mai laushi. Batir mai ruwa in yana cike ba ya daskarewa, amma wanda ya zube sarai kan daskare tun sanyi bai kai digiri 10 ƙasa da sifili ba, ya fashe. Na litiyam kuwa ba a yi masa caji in ya yi sanyi ƙasa da sifili. Wanki da ɗora ruwa a tanki a yi su da rana. Janareta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen ɗaki tare na iya zama alamar kabon monoksaid, ku fita iska nan take.

8. Ɗakin ajiya da iri

Sau ɗaya a mako ka sauka da tocila. Karas da kabeji suna son digiri 0 zuwa 4 da danshi mai yawa, dankali ya fi son ɗan sama da haka, albasa kuwa bushewa take so. Ka tsince duk abin da ya fara ruɓa, ka karye tsiron dankali, wanda ya yi kore ka yanke koren da kauri ko ka zubar. Tuffa a raba ta da karas, iskar da take fitarwa tana sa shi ɗaci. Ka ajiye kwanon ruwa a ƙasa kusa da ƙofa, ranar da ka ga ya yi ɓawo ka san sanyi ya shigo, ka ƙara toshiya.

Tsohon iri a gwada shi: ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai ɗumi, in ƙasa da rabi suka tsiro ka nemi sabo. Tumatir ana yafa shi a ɗaki mako 6 zuwa 8 kafin daren ƙanƙara na ƙarshe a wurinka, ba a kwari ba. Ɗoki yakan sa a yi da wuri, dashen ya yi tsawo ya rame a taga. Ranar da ta yi sauƙi ka yi wa itatuwan tuffa aski tun ba su farka ba, ka tattake dusar ƙanƙarar gindinsu, domin ɓeraye ta ƙarƙashinta suke bi su gaigaye ɓawo.

9. Jikinka

Gumi ne abokin gaba. Ka sa tufafi hawa-hawa, ka cire ɗaya kafin ka fara faskare, ka mayar da ka tsaya. Ulu a jikin fata, ban da auduga, domin in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Safa da safar hannu su zama biyu-biyu, ɗaya a jiki ɗaya tana bushewa.

Yatsan da ya yi fari, ya yi tauri, ya daina ji, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta. A tsoma shi a ruwa mai digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Wanda ya fara rawar ɗari sannan magana ta soma karye masa yana tuntuɓe, a shigar da shi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a nemi taimako.

Tabarau kuma ba ado ba ne. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido, ga shi hasken yana ƙaruwa da kusan kashi 10 a duk mita 1,000. Zafin idon sai dare yake tashi, ka kwana da hawaye. In tabarau ya ɓata, ka yanka siririyar kafa biyu a kwali ka ɗaura.

10. Hanya

In sauka ta kama, ka fita da sassafe ƙasa na daskare, ka dawo kafin ta saki, ko ka jira ta sake kamawa da dare. Tafiya ɗaya a kan taɓo takan bar ramin da za ka yi shekara kana gyara. Ka gwada ɗaura sarƙar taya a gida da rana, kada ranar farko ta zama a gangare cikin duhu. Shebur, bargo, igiya da ruwa su zauna a mota. In ta maƙale kuma ka kunna inji don ɗumi, ka fara share bakin salansa. Man dizal na bazara yana kauri a sanyi ya toshe matata, ka tabbata na hunturu ne a tanki.

11. Kafin duhu, da bayansa

Tun da sauran haske ka shigo da itacen dare da na safe, da ƙirare. Ka cika tukunya da bokitai, ko bututu zai ci amana cikin dare. Ka ba dabbobi ruwa mai ɗumi da ciyawar dare, ka rufe kaji, domin namun daji ma yunwa ta ishe su a wannan lokaci. Shebur ya kwana a cikin gida, saboda iska na iya tara dusar ƙanƙara a bayan ƙofa. Ka ɗaga kai ka dubi sama: in ta yi garau, taurari sun fito, iska ta kwanta, to daren zai yi sanyi ƙwarai, ka bar famfo yana ɗiga, gobe kuma akwai ɓawon jan kaya.

Wutar kwana da manyan faskare na itace mai nauyi ake yinta. Ka tara garwashi, ka jera su a matse, ka bar iska a buɗe har su kama su yi baƙi, sannan ka rage ta ba tare da ka rufe ruf ba. Takalmi da safa su bushe daga nesa, kada a rataye komai a saman murhu. Ka rubuta abin da aka ƙona, abin da aka ci, da dabbar da za a sa wa ido. In akwai mai shirin haihuwa, ka saita agogo ya tashe ka duk bayan awa 3, ka ajiye tocila da tawul da aidin a cikin bokiti ɗaya a bakin ƙofa.